Tambaya kan yaƙin Sudan: wai bindiga ta taɓa kawo adalci kuwa?

Ɗan Kurmi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin Sudan ku taimaka min da wani abu da ya daɗe yana cin raina. Tun da aka fara yaƙin nan ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi ma fa, abin da muke ji a rediyo shi ne janar biyu ne ke faɗa kan mulki, Burhan na sojojin gwamnati da Hemeti na dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, to ni dai haka na ɗauke shi na ajiye. Sai kwanakin baya wani abokin kasuwancina da ke bibiyar lamarin sosai yake ce min wai abin ya wuce nan, wai su RSF cewa suke sun fito ne su rusa "daular 56", wato ƙasar da wasu 'yan tsiraru na bakin kogin Nilu suka mallake tun samun 'yancin kai a 1956, suka bar Darfur da Kordofan da kudu da gabas cikin fatara babu hanya babu asibiti babu makarantar kirki, ya ce duk inda aka danne mutane shekara saba'in dole wata rana abin ya fashe, kuma wai komai muninsa irin wannan yaƙin ne kaɗai zai sa a zauna a raba arzikin ƙasa daidai.

Maganar ta shige ni gaskiya, don ni ma na tsani zalunci. Amma kuma na ga abin da ya faru a El Fasher a watan Oktoban 2025 da RSF suka kama garin, na kasa cin abinci wallahi, kuma waɗanda aka kashe ɗin ai su ne talakawan Darfur ɗin da ake cewa ana yaƙin dominsu.

To tambayata biyu ce. Na farko, wannan bambancin da ake faɗa tsakanin Khartum da sauran ƙasar da gaske ne ko farfaganda ce? Na biyu, in da gaske ne, akwai inda yaƙi ya taɓa gyara irin wannan? Ba gardama nake nema ba, fahimta nake nema.

Malam Na-Tudu:

Wa alaikumus salam ɗana. Bambancin da gaske ne, abokinka bai yi ƙarya a nan ba, kuma ya girmi Hemeti nesa ba kusa ba.

Turawan Ingila da suka mulki Sudan inda kuɗi yake suka sa wa ido. Suka gina madatsar ruwa ta Sennar, suka buɗe gandun auduga na Jazira a 1925 tsakanin farin Nilu da shuɗin Nilu, layin dogo da makarantu da aikin gwamnati duk suka taru a wannan tsakiyar. Darfur kuwa masarauta ce mai zaman kanta har 1916 da suka kashe Sarki Ali Dinar suka haɗe ta da Sudan, daga nan suka bar ta a hannun sarakuna ba su kai mata wani ilimin boko na a zo a gani ba, kudu ma suka rufe ta da doka. Da aka zo miƙa mulki wa ya yi karatun da zai karɓi kujerun? 'Ya'yan Ja'aliyin da Shaigiya da Danagla, mutanen bakin kogi daga arewacin Khartum. Ka duba Abbud, ka duba Numeiri, ka duba Bashir, har Burhan na yanzu, duk asalinsu wannan yankin. A shekarar 2000 wasu suka buga wani ɗan littafi a ɓoye da ake kira Baƙin Littafi, aka riƙa raba shi a ƙofar masallatai a Khartum, ba komai a ciki sai lissafin ministoci da manyan muƙamai tun 1956 da yankin da kowa ya fito, sai ga shi yankin da ba shi da mutane da yawa shi ya kwashe mafi yawan kujerun. Daga baya aka gane mutanen da suka kafa ƙungiyar tawaye ta JEM ta Khalil Ibrahim na da hannu a rubuta shi.

Sai kuma maganar ƙasa, wadda ni a ganina ita ce gindin abin a Darfur. Tun zamanin sarakunan Fur ƙabilu da dama na da yankin da aka san nasu ne, Fur da Masalit da Zaghawa da ma Larabawa masu kiwon shanu na kudu, amma Larabawa masu kiwon raƙuma na arewa da yawansu ba su da nasu, hanyar wucewa kawai suke da ita da fahimtar juna da manoma. Numeiri ya yi dokar 1970 da ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce, ya kuma rushe ikon sarakunan gargajiya da ke sasanta rikici, sai ga farin 1984 da 1985 ya zo ya kashe dabbobi ya kashe mutane, makiyaya suka gangaro kudu kan gonaki, ga makamai na shigowa daga yaƙin Cadi da Libiya. Ka ga ke nan talaka da talaka ne aka haɗa, duka biyun Khartum ta manta da su.

Da 'yan tawayen SLA da JEM suka kai hari filin jirgin saman El Fasher a Afrilun 2003 suka ƙona jirage, Bashir bai tsaya ya tambayi me ya fusata mutanen nan ba, sai ya ɗauki mafi talauci cikin Larabawan nan marasa ƙasa ya ba su bindiga ya ce abin da kuka samu naku ne. Su ne Janjawid. Hemeti daga cikinsu ya fito, mai fataucin raƙuma ne da bai gama firamare ba, kuma gaskiya ne manyan Khartum sun raina shi suna masa kallon baƙauye. A 2013 Bashir ya mai da su rundunar RSF, a 2017 Hemeti ya kama ubangidansa na da Musa Hilal ya karɓe mahaƙar zinare ta Jabal Amir, kamfanin gidansu Al Junaid ya riƙa fitar da zinare zuwa Dubai, ya tura dubban samari yaƙin Yaman ana biyansa. Kafin a kifar da Bashir ya riga ya zama ɗaya daga cikin manyan masu kuɗin ƙasar. Bashir ya reno shi don ya kare shi daga juyin mulki, sai ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya a Afrilun 2019.

To yanzu ka auna da kanka. Mutumin da ya riƙe zinaren Darfur shekara da shekaru, me ya hana shi gina asibiti da makaranta a wurin da ake haƙo shi? Kuma ranar 3 ga Yunin 2019, ana gobe ko jibi sallah, su wa suka buɗe wa matasan da ke zaman dirshan a gaban hedikwatar soja wuta, aka kashe sama da mutum 100 aka jefa gawarwaki cikin Nilu? Waɗannan yaran ai su ne suke kiran 'yanci da zaman lafiya da adalci, su ne 'yan Khartum da suka riƙa rera cewa duk ƙasar Darfur ce. A ranar 25 ga Oktoban 2021 Burhan da Hemeti hannu ɗaya suka kifar da gwamnatin Firaminista Abdalla Hamdok. Abin da ya raba su daga baya shi ne shekara nawa za a ɗauka kafin a narkar da RSF cikin soja, soja na cewa 2 shi yana cewa 10, da wa zai ba wa wani umarni. Maganar daular 56 bayan an fara harbi ta yi ƙarfi a bakinsa.

Kuma kada wani ya ce ina wanke soja. Sojan Sudan kamfanoni gare su birjik, na noma da gine-gine da fitar da nama da ridi, waɗanda ma'aikatar kuɗi ba ta ganin lissafinsu, Hamdok ya yi ta kuka da wannan. Su ma abincinsu suke karewa.

Abu Mus'ab:

Malam Allah ya ƙara ilimi, na ƙaru. Amma da izininka ba ka amsa tambaya ta biyu ba, kuma ni a nan nake tare da abokin Ɗan Kurmi ko da ba na tare da RSF ko kaɗan, Allah ya isa tsakaninmu da su kan abin da suka yi wa Masalit a El Geneina.

Ku faɗa min gaskiya, da mutanen kudancin Sudan ba su ɗauki bindiga ba da sun samu ko kallo? An yi musu alƙawarin tsarin tarayya kafin 'yancin kai aka saɓa, aka yi yarjejeniyar Addis Ababa a 1972 Numeiri ya zo ya yaga ta a 1983, man fetur a ƙarƙashin ƙafarsu amma bututun ya nufi arewa zuwa Port Sudan matatar kuma a kusa da Khartum. Sai da John Garang da 'yan tawayensa na SPLA suka yi shekara 22 suna yaƙi kafin aka zauna a Kenya a 2005 aka rubuta cewa kuɗin man kudu rabi da rabi ne, aka ba su ƙuri'ar raba gardama, a 2011 kusan kashi 99 cikin ɗari suka ce a raba. Wace zanga-zanga ce za ta kawo wannan? Darfur ma fa wa ya san da ita a duniya kafin 2003? Sai da wuta ta tashi sannan aka zo Abuja aka yi ta zama har 2006, sojojinmu na Najeriya suka tafi can aikin kiyaye zaman lafiya.

Su kuma matasan 2019 da Malam yake yabo, ni ma ina sonsu har zuciyata, amma ina suke yanzu? Sun fito hannu sake, tun daga Atbara da aka ninka kuɗin burodi sau uku a Disambar 2018, sun kayar da Bashir, aka harbe su, aka yi musu juyin mulki suka sake fitowa aka sake harbinsu, yau duk teburin da aka kafa a Jidda ko Geneva masu bindiga ake kira. Ina jin zafin faɗin haka amma azzalumi ba ya sakin abin da ya riƙe don an roƙe shi.

Malam Na-Tudu:

Abu Mus'ab ka kawo hujja mai nauyi, ba zan musa cewa bindiga ce ta kai kudu teburi ba. Sai dai ka ƙarasa labarin mana. Yaƙin 1983 zuwa 2005 ya ci kimanin mutum miliyan 2, mafi yawansu 'yan kudun ne. Garang kansa ba rabuwa yake nema ba, sabuwar Sudan yake kira da kowa zai zama daidai, ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu makonni uku da rantsar da shi. Aka samu ƙasar Sudan ta Kudu ranar 9 ga Yulin 2011, Disambar 2013 Salva Kiir da Riek Machar suka juya wa juna bindigogin, wani bincike ya ƙiyasta kusan mutum 400,000 suka tafi, kuɗin man da aka yi yaƙi a kansa ya koma hannun janarorin Juba babban birnin ƙasar, har yau ba a yi zaɓe ko sau ɗaya ba tun da aka kafa ƙasar. Darfur kuma duba yarjejeniyar Juba ta Oktoban 2020, Jibril Ibrahim na JEM ya zama ministan kuɗi, Minni Minnawi ya zama gwamnan yankin Darfur, da aka yi juyin mulkin 2021 suka zauna daram a kujerunsu. Matar da ke sansanin Kalma ko Zamzam tun 2004 ba ta koma gonarta ba. Kujera ake rabawa a irin wannan teburin, kuma duk saurayin da ke kallo ya koyi cewa hanyar samun kujera ita ce ya tara mayaƙa.

Maman Safiyya:

Salam. Ni ba malama ba ce amma abin nan a gidanmu yake don dangin mahaifiyata a Sudan suke, kakanninsu cikin masu tafiya Makka da ƙafa ne suka tsaya a hanya suka yi aure suka zauna, wasu a Jazira wasu a wajen Damazin, kuma irinsu suna da yawa tun daga waɗanda suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, har gari akwai da sunansa kusa da Sennar. Ina karanta maganarku ana cewa Khartum da Darfur, tsakiya da gefe, sai nake cewa a raina to akwai fa waɗanda ke ƙarƙashin na ƙasan ma.

Gandun Jaziran da Malam ya ambata su wa suka tsinci audugar? Hausawa da Fulani da Barebari da mutanen Darfur. Amma gonar, wadda suke kira hawasha, yawanci ba a sunansu take ba, su 'yan ƙwadago ne da 'yan noman raba daidai, suna zaune a ƙananan matsugunai a bakin magudanar ruwa da ake ce wa kanabi, wasu sun haura shekara sittin saba'in a wurin amma ba a ɗauke shi ƙauye ba, babu famfo babu lantarki babu makaranta, ruwan da aka yi wa gona feshi shi ake ɗiba a sha. An haifi mutum an haifi ubansa a can amma in ya je neman takardar ɗan ƙasa sai an ce ya kawo shaidar asalin ƙabilarsa. A Yulin 2022, kafin ma wannan babban yaƙin, Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su tasu sarautar ta gargajiya, sai aka ce ai sarauta da ƙasa take tafiya ku kuma baƙi ne, rikici ya tashi a Roseires da kewaye aka kashe sama da mutum 100, a Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi ya fi na farko muni. Kuma waɗanda suka yi faɗan da su fa su ma talakawa ne da gwamnatoci suka ƙwace musu filaye aka ba manyan 'yan kasuwa masu noma da tarakta, abin da ya rage musu ɗan kaɗan ne shi ya sa suke tsoron kowa.

Yanzu Yaya Abu Mus'ab ka ji yadda yaƙin ya yi da su. RSF suka shiga Wad Madani babban birnin Jazira a Disambar 2023 suka bi ƙauyukan Jazira suna kwashe motoci da taraktoci da hatsi har zinaren wuyan mata, abin da aka yi wa mata kuwa ba zan iya rubutawa ba. Da soja suka dawo suka karɓe garin a Janairun 2025 sai mayaƙan da ke tare da su suka afka wa mutanen kanabi wai su ne suka taimaki RSF, aka kashe mutane a wani matsuguninsu da ake kira Kambo Tayba aka ƙona gidaje. Ta ko'ina dai su ne a tsakiya.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne hatta gudun ma da kuɗi ake yinsa. Makonnin farko ƙasashen Turai da Amurka suka aiko jirage suka kwashe mutanensu, ofisoshin jakadanci suka rufe da fasfon 'yan Sudan ɗin da suka kai neman biza a ciki. Kuɗin motar bas daga Khartum zuwa iyakar Masar ya ninka ya ninka har ya kai ɗaruruwan daloli kujera ɗaya, mai ɗan'uwa a Saudiyya ko Dubai aka turo masa ya fita, ɗalibanmu na Najeriya ma sun sha wuya a iyaka amma a ƙarshe gwamnati ta kwaso su. Wata 'yar'uwar mahaifiyata kuwa da jikokinta ƙafa da amalanken jaki suka yi ta bi daga wannan ƙauye zuwa wancan, ba ta da fasfo ba ta da wanda zai turo mata, inda suka samu suka raɓe ajin makaranta ne mutum fiye da yadda ɗakin zai ɗauka, yaran ba karatu tun lokacin. Ɗan mai kuɗi yana makaranta a Alƙahira yanzu haka. In an gama yaƙin gobe wa zai zama likita wa zai zama ɗan ƙwadago? Ni dai tazarar da nake gani ta fi ta da faɗi.

Ɗan Kurmi:

Innalillahi. Hajiya Allah ya kuɓutar da su, ya sa kaffara ce. Wallahi ban taɓa sanin maganar kanabin nan ba.

Amma to ni yanzu na shiga tsaka mai wuya. Abu Mus'ab ya ce hannu sake ba a samun komai kuma abin da ya faru da matasan 2019 ya nuna haka, Malam da Hajiya kuma sun nuna bindigar ma talaka take ci. To mutumin da aka zalunta ya yi yaya ke nan? Ya zauna ya jira?

Tsohon Ɗalibi:

Ban so na sa baki ba amma tambayarka ta ƙarshe ta sa dole. Na yi karatu a Khartum kafin yaƙin, kuma Abu Mus'ab da ka ce ina matasan 2019 suke, ina da amsa, suna nan a bakin tukunya.

Lokacin zanga-zanga kowace unguwa ta kafa kwamitinta na gwagwarmaya, ba su da shugaba ɗaya da za a kama ko a saya, su ne suke tsara fita, amma kuma su ne suke tsayawa a gidan burodi su tabbatar fulawar tallafi ba ta bi ta bayan gida ba, suna lura da rabon gas ɗin girki, har suka zauna suka rubuta takardun yadda suke son a mulki ƙasar daga unguwa zuwa sama. Da yaƙi ya tashi gwamnati ta koma Port Sudan, manyan ƙungiyoyin agaji suka kwashe ma'aikatansu, sai waɗannan yaran suka mai da kwamitocin ɗakunan agajin gaggawa. Suka buɗe wuraren girki na unguwa da ake kira takaya, a masallaci ko makaranta ko tsakar gidan wani, a dafa wake ko adas, wani irin ƙaramin wake, a babbar tukunya kowa ya zo da kwanonsa, ba a tambayar ƙabilarka ba a tambayar ɓangaren da kake goyon baya. 'Yan Sudan na waje su turo kuɗi ta manhajar Bankak, wani ya nemi inda ake samun Starlink ya karɓa, a sayi hatsi a rubuta abin da aka kashe a manna kowa ya gani. Ɗaliban likitanci suka buɗe asibitocin da aka gudu aka bari, masu gyaran wuta suka hau turaku ana harbi, wasu aikinsu kawai binne gawa. Asalinsa al'adarsu ce ta nafir, irin gayyarmu ta noma. Miliyoyin mutane sun ci daga tukwanen nan, an sa sunansu cikin waɗanda ake nema wa kyautar Nobel, kuma duka ɓangarorin biyu sun kama su sun kashe wasu daga cikinsu, kowanne na zarginsu da ciyar da abokin gaba.

Ba zan yi maka ƙarya na ce tukunya ta tsayar da jirgi maras matuƙi ba. Ba ta hana a ayyana yunwa a sansanin Zamzam a Agustan 2024 ba, ba ta hana RSF tarwatsa sansanin a Afrilun 2025 ba, kuma da Amurka ta dakatar da tallafin USAID a farkon 2025 da yawa daga cikin wuraren girkin sun rufe don wani ɓangare na kuɗin daga can yake zuwa. Amma cikin duk masu magana da sunan talaka a Sudan su kaɗai na ga talaka ya ci wani abu daga hannunsu, kuma su kaɗai na ga ɗan Ja'aliyin da ɗan Nuba da ɗan Fur da Bahaushe a layi ɗaya kowa ludayinsa daidai da na ɗan'uwansa.

Wani abu kuma da ba a taɓo sosai ba, yaƙin nan ba da kuɗin Sudan kaɗai ake yinsa ba. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce zargin da ake wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na kai wa RSF makamai ta gabashin Cadi abin gaskatawa ne, ita tana musantawa, soja kuma suna da Masar a bayansu sun samu jirage marasa matuƙa daga Iran da Turkiyya, zinare na fita daga ɓangarorin biyu. Matasan 2019 ba don hannunsu sake kawai aka fi ƙarfinsu ba, har da cewa ƙasashen da suka yi ta yaba musu sun matsa a raba mulki da mutanen da suka harbe su ba tare da an hukunta kowa kan 3 ga Yuni ba. Sai a Oktoban 2025 kotun ICC ta samu kwamandan Janjawid na farko, Ali Kushayb, da laifi kan abin da aka yi a 2003 da 2004, Bashir kuwa tun 2009 ake nemansa ba a miƙa shi ba. Wanda ya ƙona ƙauye ya ga an ƙara masa girma me zai hana shi ƙona birni.

Abu Mus'ab:

Na ji, kuma maganar Hajiya ta kashe min jiki, Allah ya saka musu. Na yarda RSF ba mafita ba ce, dama ban taɓa cewa ita ce ba, kuma abin da Malam ya faɗa kan Juba gaskiya ne ba ni da ta cewa.

Amma Tsohon Ɗalibi, har yanzu akwai inda ban gamsu ba. Mutanen El Geneina da aka bi gida gida a 2023, aka kashe gwamnansu Khamis Abakar sa'o'i kaɗan bayan ya fito a talabijin yana neman duniya ta kawo ɗauki, sauran suka kama hanyar garin Adre na ƙasar Cadi da ƙafa ana harbinsu a hanya, ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya ɗin da ka ambata sun ce tsakanin mutum 10,000 zuwa 15,000 aka kashe a garin. El Fasher kuma wata 18 tana kewaye duniya na kallo, waɗanda suka hana a shiga tsawon lokacin nan masu bindiga ne, ciki har da tsofaffin 'yan tawayen da muke zargi da son kujera da samarin gari da suka ɗauki makami don iyayensu na bayansu. Rundunar kiyaye zaman lafiya ta Darfur, UNAMID, an rufe ta tun ƙarshen 2020, babu wanda ya zo. Idan ni ɗan Masalit ne ko ɗan Zaghawa a wannan ranar, me za ka ce min na yi? Da gaske nake tambaya, kuma Malam in kana nan ina son jin taka amsar a kan wannan.